Amsar tambayarka a kan tsohon fanel ɗin Reyrolle

Yarona, jiya a ɗakin wuta na kamfanin nan na Sharaɗa ka yi mini tambaya biyu a jere, ban amsa maka ko ɗaya ba. Ka sa bakin rigarka ka goge ƙurar da ke kan ɗan farantin da aka manna a gaban fanel, wato akwatin ƙarfen da makunnan wuta ke ciki, ka ce, "Oga, wane ne Reyrolle, ina ne kuma Hebburn?" Ban kai ga buɗe baki ba ka riga ka kama hannun da ake sauke bireka da shi, wato babban makunnin da ke yanke wuta. Ya ƙi juyawa. Sai ka ce, "Ko in sa sukudireba in ɗage ɗan ƙarfen nan da ya tare shi?" Ka dai ga yadda na buge maka hannu. Ban yi don in kunyata ka a gaban mai gadi ba. A gaban layin kilobolt 11 ba a tsayawa karatu, sai an fito waje. To ga shi mun fito. Ka karanta wannan a natse, don wanda ya san labarin mutanen da suka ƙera akwatin nan ba zai ƙara ɗauko sukudireba a gabansa ba.

Reyrolle sunan mutum ne. Alphonse Reyrolle, Bafaranshe, haifaffen 1864. Yana saurayi ya tsallaka Ingila neman sana'a, a 1886 ya buɗe ɗan shagonsa a titin Charlotte a birnin Landan, yana ƙera kayan awo na masu binciken kimiyya. Aiki ne na hannu da ido, irin wanda in ka kauce da kaurin gashi ka ɓata shi. Da lantarki ya fara yaɗuwa sai aikin makunnai da sauran kayan wuta ya riƙa shigo masa. A 1901 ya tattara ya koma Hebburn, wani gari a gaɓar kudu ta kogin Tyne, kusa da Newcastle, a arewa maso gabashin Ingila. Sunan garin ke nan da ka gani a jikin farantin.

Ruwa ba ya tsami banza. Mutum ba ya barin Landan ya tare a garin hayaƙi sai da dalili. A wancan lokaci bakin kogin nan cike yake da ramukan haƙar kwal da wuraren ƙera jiragen ruwa da masana'antun ƙarfe, kowa na neman wuta mai ƙarfi. A yankin ne Charles Parsons, wanda ya ƙirƙiro injin tururi mai juyawa a 1884, yake da masana'antarsa, yana ƙera injinan da ke juya manyan janaretoci. A can kuma akwai wani matashin injiniya, Charles Merz, wanda tunaninsa ya saɓa da na mutanen zamaninsa. A lokacin kowace unguwa da kowane kamfani da 'yar tasharsa, kamar yadda kake ganin kowane shago a kasuwar Sabon Gari da janaretansa a bakin ƙofa. Shi Merz ya ce a gina manyan tashoshi kaɗan, a haɗa su a layi, a raba wa kowa. Tashar Neptune Bank ta fara aiki a 1901, ta Carville ta biyo baya a 1904, a tsallaken kogi kusan daura da Hebburn.

Nan matsalar ta ɓullo, nan kuma nake so ka buɗe kunne da kyau. In waya biyu suka haɗu a layin ɗan janaretan shago, me zai faru? Injin ya yi gurnani ya shaƙe, ko fis ya ƙone, shi ke nan, iya ƙarfinsa ke nan. Amma in ka haɗa manyan janaretoci da yawa a layi ɗaya, ranar da waya ta haɗu duk ƙarfinsu a wuri guda zai zube, amfiya dubbai cikin ƙiftawar ido. Makunnan zamanin kuwa a fili suke. Allon dutse ne aka kafa wa wuƙaƙen jan ƙarfe tsirara, ma'aikaci ya tsaya a gabansu ya ja da hannu, a bayan allon ga basba, wato sandunan jan ƙarfe masu rarraba wuta, a shimfiɗe babu abin da ya rufe su. Ɓera ya bi ta kai, wuta. Sifana ta suɓuce daga aljihu, wuta. Kada ka kwatanta ta da tartsatsin da kake gani a soket. Harshe ne da ke tsayawa a iska tsakanin ƙarfe da ƙarfe, dangin na walda amma ninkin ba ninki, zafinsa ya fi na fuskar rana, yana mai da jan ƙarfe tururi nan take, tururin ya fashe kamar nakiya. Ma'aikata sun ƙone, unguwanni sun kwana a duhu saboda laifin layi ɗaya.

Wanda ya kawo maganin a kamfanin Reyrolle shi ne Henry Clothier, kuma sunansa nake so ka riƙe. Reyrolle ya ba da shago da suna, Clothier ya kawo dabara. Ya yi aiki a kamfanin Ferranti kafin ya zo Hebburn 'yan shekaru bayan kafa masana'antar. Tunaninsa a taƙaice shi ne kada a bar ko taƙi ɗaya na ƙarfe mai wuta a inda hannu ko ɓera ko ƙura za su kai. Kowane sashe a sa shi cikin akwatin baƙin ƙarfe, a ɗaure akwatin da ƙasa. Basba a ɗakinsu daban, a zuba musu wani abu mai kama da kwalta ya daskare a kansu. Kan kebul a ɗakinsa daban. Bireka ita ma daban, a ƙera ta yadda za a raba ta da layi a jawo ta waje ɗungurungum a yi mata aiki. In wuta ta tashi a ɗaki ɗaya, bangon ƙarfen da ke ɗaure da ƙasa za ta tarar, ta bi nan ta sauka, ba ta tsallaka wa maƙwabta ba, ba ta sami mutum ba. Duk fanel ɗin kilobolt 11 da za ka gani a rayuwarka, ko na wane kamfani ne, jikan wannan tunani ne.

Sai dai da zarar ka ce bireka za ta riƙa fita tana komawa, ka buɗe wata ƙofar haɗarin. In ta fita, ramukan da take shiga suna nan a buɗe da wuta a ciki. Sai suka yi musu marfi mai faɗowa da kansa. Gobe za ka gan su: masu jan fenti na basba ne, masu ruwan ɗorawa na ɓangaren kebul ne, kowanne da ɗan kunnen da ake sa wa kwaɗo. Na biyu kuma shi ne abin da ka so ka yi jiya, wato raba bireka da layi alhali tana kunne.

Bari in gaya maka abin da ke bayan hannun nan da ya ƙi juyawa. Birekar nan jiya a kunne take, tana ciyar da taransifomar da ke ɗauke da injinan kamfanin. Wurin da aka tanada don yanke wuta yana cikin tankin mai, a ƙasa. Ƙahonin nan shida da ke samanta, masu shiga ramukan, haɗawa kawai suke yi, ba a yi su don yanka ba. Da ka ɗage ƙarfen ka juya hannun, ƙahonin za su fara zamewa daga ramukansu da wuta a jikinsu, harshen ya miƙe a iska, ya tsallaka daga layi zuwa layi, fuskarka kuma ba ta kai kamu biyu daga wurin ba. Mutanen Hebburn sun san halin ɗan Adam. Sun san ma'aikaci yana gajiya, yana mantuwa, manaja yana tsaye a kansa yana cewa a yi sauri. Takardar gargaɗi a bango ba ta riƙe hannun mai gaggawa. Shi ya sa suka ƙera dokar da ƙarfe: ba ta sauka sai an kashe ta, ba ta kunnuwa in tana rabin hanya, tankin mai ba ya buɗuwa sai ta fito waje. Hannun da ya ƙi juyawa bai lalace ba, aikinsa yake yi.

Shi man da ke cikin tankin, na san ka ɗauka na sanyaya ne kamar na taransifoma. Yana da wannan amfanin, amma babban aikinsa kashe harshen wuta. Wutarmu tana kai da komo sau 50 a daƙiƙa, ke nan sau 100 a daƙiƙa tana ratsawa ta sifiri. In baki ya rabu da baki a cikin mai, zafin harshen yana fasa man ya fitar da iska, galibinta haidirojin, iskar ta sanyaya harshen ta matse shi, da wutar ta iso sifiri sai sabon mai ya cike gurbin, ta nemi hanyar dawowa ta rasa. Duk wannan kafin ka ƙifta ido. Amma kowane yanka yana barin baƙin toka a cikin man, damina kuma tana sa masa laima. Man da ya yi baƙi ya sha ruwa ya daina zama mai gadi, ya koma makamashi. Na sha buɗe tanki in tarar da man kamar kunun kanwa da aka zuba wa gawayi, in tambayi yaushe aka canja shi, a rasa mai amsawa. Shi ya sa kake ganin ina yawo da 'yar kwalbar nan mai tsabta ina ɗibar samfur, a kai na'urar gwaji, a zuba tsakanin ƙarfe biyu masu tazarar milimita 2.5, a yi ta ƙara wuta har ta tsallaka, a ga kilobolt nawa ya jure.

Bireka ƙarfi gare ta, ba ta da ido. Sai an gaya mata yaushe za ta yanke. A nan ma sunan Merz ya sake shigowa. A 1904 shi da abokin aikinsa Bernard Price suka fito da wata dabara, Reyrolle ya riƙa ƙera kayanta. Ka san yadda ake lodin buhuna a Dawanau: a ƙirga abin da ya hau mota, a ƙirga abin da ya sauka a inda aka kai, in lissafi bai zo ɗaya ba an san a hanya aka yi ɓarna. Haka suka yi wa kebul da janareta da taransifoma. A auna wutar da ta shiga ta wannan kai, a auna wadda ta fita ta wancan, a haɗa ma'aunan biyu da 'yar siririyar waya. Muddin sun yi daidai, rile, wato na'urar da ke gaya wa bireka ta yanke, yana kwance, ko da ana tashin hankali a wani layin. Da sun saɓa, laifin a tsakaninsu yake, sai a yanke wannan yankin kaɗai, sauran gari na da wuta. Har yau manyan taransifomomin da ke tashoshinmu da wannan lissafin ake tsaron su. Ina ganin wannan ita ce dabara mafi kyau a sana'armu, saboda sauƙinta, yaron da ya iya ƙirga awaki a bakin garke zai gane ta.

Alphonse Reyrolle ya rasu a 1919, bai ga girman da kamfaninsa ya yi ba. A 1926 Birtaniya ta yi dokar haɗa tashoshinta a babban layi ɗaya na kilobolt 132, aka kammala ginin a farkon shekarun 1930. Layi ya ƙara girma, wutar da ke zuba a wurin laifi ta ƙara yawa, sai tambaya ta taso: wa ya tabbatar birekar nan za ta iya yanke abin da aka rubuta a jikinta? A da lissafi ne da fata. A 1929 aka buɗe tashar gwaji a Hebburn, da nata babban janaretan, aikinta kawai a haɗa waya da gangan a sakar wa bireka, a tsaya a bayan bango a ga za ta yanke ko za ta fashe. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Lambar da ke kan farantin da ka goge, mai nuna iya abin da birekar za ta yanke, daga irin wannan gwajin ta samo asali. Ka koyi karanta ta. In aka ƙara wa tashar da ke ba kamfani wuta manyan taransifomomi, ƙarfin laifi yana ƙaruwa, tsohuwar bireka kuwa lambarta ba ta ƙaruwa. Clothier ya rasu a 1938. Merz kuma bam ɗin jirgin sama ya kashe shi a gidansa a Landan a 1940, lokacin yaƙin duniya na biyu.

Bayan yaƙi aka shiga zamanin manyan layuka, kilobolt 275, sannan 400, kamfanin ya kai yana da ma'aikata wajen 12,000. Ka yi tunanin garin da kusan kowane gida akwai mai cin abinci a masana'anta ɗaya, har ƙungiyar ƙwallon ƙafa suna da ita mai sunan kamfanin. Wanda ya san Kakuri a Kaduna lokacin da masaƙu ke aiki zai gane abin da nake nufi, zai kuma gane yadda irin wannan gari yake zama in aikin ya ja baya.

Yadda akwatin ya iso Kano ba abin mamaki ba ne. Hukumar lantarki ta ECN da aka kafa a farkon shekarun 1950 a kan tsarin Ingila aka gina ta, ma'auninsu, kilobolt 11 da 33 ɗinsu, littattafansu, injiniyoyinsu. Aka zo aka gama madatsar Kainji a 1968, aka haɗa ECN da hukumar madatsun Neja aka yi NEPA a 1972, masana'antu suka cika Bompai da Sharaɗa da Challawa, kowacce na buƙatar ɗakin wutarta. Kayan Ingila aka saba da su, su aka riƙa saya. Ranar da aiki ya kai ka Maraɗi ko Damagaram za ka fi cin karo da sunayen Faransa, irin su Merlin Gerin na birnin Grenoble. Fasalin ya ɗan bambanta, dokar ƙarfen iri ɗaya ce.

Ƙarshen labarin kamfanin ba ni da abin cewa da yawa a kai, cinikin manya ne. Da odar hukumar lantarkin Birtaniya ta ragu, Reyrolle ya haɗe da Parsons a 1968. A 1977 suka haɗe da Clarke Chapman aka sami Northern Engineering Industries. Rolls-Royce ya saye su a 1989, VA Tech na Ostiriya ya karɓi ɓangaren Reyrolle a 1998, Siemens na Jamus ya saye VA Tech a 2005. Dubban ma'aikatan nan sun watse. Sunan dai bai mutu ba, yana nan a jikin rile na zamani da Siemens ke sayarwa, mai ɗan gilashi da maɓallai, wanda na nuna maka a sabuwar tashar nan ta bayan gari. Yana ba ni tausayi in na tuna cewa akwatin da muka tsaya a gabansa jiya ya fi masana'antar da ta ƙera shi tsawon rai.

Yanzu bari in gaya maka abin da ban taɓa gaya maka ba. Ina shekara ta uku a hannun maigidana, Allah ya jiƙansa, aka kira mu wani kamfani da rana tsaka. Akwai wani ma'aikacinsu, ya girme ni, ya iya aiki, shi ya koya mini ɗaure kan kebul. Ƙarfen kariya na wata bireka ya daɗe yana cijewa saboda tsatsa da ƙura, maimakon a wanke a sa mai, sai wani ya ɗaure shi da waya a buɗe don a huta da shi. Watanni ana haka ba abin da ya faru. Ran nan ya ɗauka ya kashe birekar, ashe ta kusa da ita ya kashe, fanel ɗin duk kama ɗaya suke. Ya kama hannu, hannu ya juya masa lafiya lau. Ina bakin ƙofa da akwatin kayan aiki. Na ga haske fari har cikin ƙwaƙwalwata, na ji ƙara kamar an saki bindiga a cikin randa, ɗaki ya cika da hayaƙi mai warin ƙarfe. Rigarsa ta leda ce, ta narke ta manne masa. Ya rayu, alhamdu lillahi, amma yatsun hannunsa na dama ba su ƙara miƙewa ba, bai ƙara riƙe filaya ba. Da hayaƙi ya lafa maigidana ya kira ni, ya nuna mini 'yar wayar nan da aka ɗaure ƙarfen da ita, ko tsawon yatsa ba ta kai ba. Bai ce mini komai ba. Jiya da ka ambaci sukudireba ita na gani.

Za ka ji wasu na cewa a tumɓuke tsofaffin nan duka a zubar. Wani ɓangaren maganarsu gaskiya ne. Bireka mai kwalbar da aka zuƙe wa iska ta fi ta mai, ba ta gobara, ba ta neman canjin mai, ta fi sauƙin kula. Mai iskar SF6 ita ma tana yanka da kyau, sai dai iskar in ta tsere tana ɗumama duniya fiye da hayaƙin mota sau dubbai, shi ya sa ake neman rabuwa da ita. In mai kamfani yana da kuɗi, ni da kaina zan ba shi shawara ya sa sabuwar bireka, akwai ma waɗanda aka ƙera su shiga gidan tsohuwar daidai ba sai an taɓa basba ba. Abin da ba na yarda da shi shi ne a cire akwatin da aka gwada da wuta ta gaske, a kawo wani mai siririn gwangwani wanda babu takardar gwajinsa, don kawai fentinsa yana ƙyalli. Da tsohuwar zuma ake magani, in an rufe ta da kyau.

Gobe in Allah ya kai mu sun yarda su tsayar da injina ƙarfe tara. Ka sa rigar auduga mai dogon hannu, kada in gan ka da rigar ƙwallon nan, da takalminka na aiki. Ka taho da kwaɗo uku daga cikin akwatina da kwalbar samfur guda biyu, ka wanke su ka shanya tun yau. Sai mun karɓi takardar izini da sa hannun injiniyansu kafin mu shiga. Kai za ka karanta lambar fanel da ƙarfi, ni in duba takarda in amsa maka. Kai za ka kashe, ka duba alamar ta nuna a kashe, sannan ka kama hannun nan da ya ƙi ka jiya. In mun jawo ta waje, ka kulle jajayen marafan kafin komai. Ɓangaren kebul ba ma taɓa shi sai mun gwada mun tabbatar babu wuta, mun kuma ɗaure shi da ƙasa. Ka karya kumallo kafin ka fito, aikin zai kai mu azahar.